Babi na Shida: Iska, Inuwa da Danshi a Gidan Shuka

Kowace shekara, da an shiga watan Yuni, ɗanyen tumatir yakan yi ɓatan dabo a kasuwannin Gazawa da Agye. Waɗanda aka samu ƴan firit ne, kuɗinsu kuwa sai mai hali. Uwargida ta koma kan kauɗa da tumatirin gwangwani, alhali wata huɗu baya, cikin Fabrairu, roƙon mutane ake yi su saya, wani ma a kwando yake ruɓewa bakin hanya. Daga nan ne tambayar da manoman rani ke yawan yi take tasowa, musamman samarin da ke ganin hotunan gonakin waje a waya: tunda a wasu ƙasashe ana noma tumatir shekara zagaye a cikin gidan leda, mu me ya hana mu?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba a nan Gangara kaɗai ake yin ta ba. Ana yin ta a garakan Jiratawa, da bakin tafkin Madarunfa, da fadamar Tibiri ta gundumar Gidan Rumji, har ma da tsallaken iyaka a Jibiya da Katsina. Amsar ita ce ana iya yi, amma da sharaɗi. Duk wanda ya rufe shuka a cikin gida, na leda ne ko na raga, ya ɗauki nauyin abubuwa uku da a fili Allah ne ke tafiyar da su ba tare da an tambayi manomi ba: zafin wurin, da motsin iskarsa, da yawan ruwan da ke cikin iskar. Wanda ya gina gidan bai yi lissafin waɗannan ba, zai ga shukarsa ta mutu da sauri fiye da ta maƙwabcinsa da ke fili.

Gidan da aka yi wa ƙasar sanyi

Asalin gidan gilashi da na leda, mutanen ƙasashen sanyi ne suka ƙirƙiro shi don magance tasu matsalar. A Holan, inda aka fi shahara da wannan noma, rana ba ta da ƙarfi, sanyi kuma yana kashe tumatir, don haka manomi yana neman duk hanyar da zai tsare ɗumi kada ya tsere, har wuta yake kunnawa a ciki da hunturu. 

Yadda gidan ke aiki ba wuya. Hasken rana yana ratsa leda ya sauka a kan ƙasa da ganye da ƙarafa, su ɗau zafi, su ɗumama iskar da ke kewaye da su. A fili, wannan iska mai zafi sama take yi, wata ta maye gurbinta. A cikin gida kuwa rufi ya tare ta, sai ta tsaya tana ƙara zafi a kan zafi.

To mu a jihar Maraɗi ɗumi ba ya cikin abin da muke nema. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, wani lokaci ya haura. Da tsakar rana kowane murabba'in mita na ƙasa yana karɓar ƙarfin rana kusan wat 1,000. Ke nan gida mai faɗin murabba'in mita 100 yana shan kusan kilowat 100, kuma mafi yawansa ciki yake shiga. Idan aka rufe irin wannan gida ruf, zafin ciki yakan ɗara na waje da digiri 10 zuwa 15. Arba'in da goma sha biyar, hamsin da biyar ke nan. Babu kayan miyar da ke rayuwa a haka.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga an kawo gajerun gidajen leda masu kama da rabin ganga, waɗanda aka auna su da yanayin wata ƙasa, an kafa wa ƙungiyar manoma, an yi biki an watse. Bayan bazara ɗaya sai ka tarar da ƙarafa tsaye, leda ta yayyage, mutanen gari kuma sun yanke hukunci cewa noman zamani ba namu ba ne. Laifin na fasalin ginin ne. Gidan shuka a ƙasarmu aikinsa ya tare ƙwari da dukan ruwan sama da ƙunar rana, sannan ya bar zafi ya fice.

Iyakar abin da tumatir ke ɗauka

Kafin a yi maganar sanyaya wuri, sai an san sanyin da ake nema. Tumatir ya fi jin daɗi in zafin rana yana tsakanin digiri 21 da 29, na dare kuma tsakanin 15 da 21. Duba waɗannan lambobi za ka ga yanayin hunturunmu ne sak, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya sa a lokacin kowa ke samu har a rasa mai saye.

Da zafin rana ya wuce 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 22 ko 24, sai matsala ta fara daga fure. Itacen yana nan kore shar, yana tsawo, yana fure, amma ba ya ɗaure ɗa. Ka tsuguna ka dubi reshen furen da kyau: a ɗan wuyan da ke riƙe da kowane fure akwai wata ƴar gaɓa, za ka ga ta yi rawaya, da ka taɓa ta da yatsa furen ya faɗo. Ƙarƙashin itacen kuwa ƙasa ta cika da busassun furanni. Zafi ne ya lalata garin barbarar da ke cikin furen, tun kafin ya buɗe. Manoma da yawa kan ɗauka cuta ce su yi ta feshin magani, wasu su ƙara taki, duk a banza. Tattasai da attarugu ma suna zubar da fure haka, sai dai sun ɗan fi juriya.

Danshin iska shi ne abu na biyu, kuma an fi mantawa da shi saboda ido ba ya ganin sa. Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma iya abin da za ta ɗauka ya danganta da zafinta. A digiri 20, kowane mita kubik na iska yana iya riƙe giram 17 na ruwa. A digiri 30 zai riƙe giram 30, a digiri 40 kuwa har 51. In aka ce danshi kashi 60 ne cikin ɗari, ana nufin iskar ta ɗauki kashi 60 na abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Tumatir yana son tsakanin 60 da 80. Mu kuma a Maris danshinmu yakan faɗi ƙasa da kashi 15 da rana, a Agusta kuma da asuba ya haura 90. Gida ɗaya ne zai fuskanci waɗannan yanayi biyu, kuma maganin na farko shi ne gubar na biyu.

Inuwa tukuna

Zafin da ya fi sauƙin magani shi ne wanda ba a bari ya shigo ba. Manomanmu sun daɗe da sanin haka. Mai renon irin albasa ko shu yakan kafa ƴan sanduna ya shimfiɗa karan gero ko zana a sama, rana ta riƙa ratsowa tsilli-tsilli. Ragar inuwa da ake sayarwa yanzu aikin nan take yi, sai dai an auna ta: akwai mai tare kashi 30 na haske, akwai mai 50, har mai 80. Ga kayan miya, tsakanin 30 da 50 ya isa. In inuwa ta yi yawa, dashen zai yi ta miƙa wuya yana neman haske, ya yi tsawo siriri, ranar da aka fitar da shi fili ya kwanta.

Inda aka ɗora ragar ma yana da tasiri. In aka ɗaura ta a ciki, ƙarƙashin leda, zafin ya riga ya shiga gida. Wurinta a waje ne, sama da rufin, da tazarar kamar kamu ɗaya, yadda iska za ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafin da ragar ta sha. Fara ko mai ruwan azurfa ta fi baƙa, domin baƙa tana shan zafi ta riƙe.

Akwai dabarar da ta fi wannan arha. A Almeriya da ke kudancin Sifen, inda gidajen leda suka mamaye fiye da hekta 30,000, da zafi ya gabato sai manoma su hau rufi su fesa masa ruwan farar ƙasa. Rufin ya yi fari fat, ya riƙa mayar da hasken rana sama. Farar ƙasa kuwa ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu, kuma a wajenmu dabarar tana da wata fa'ida: ruwan farko na damina zai wanke ta, daidai lokacin da gajimare ya fara rage haske, shuka kuma ta fara buƙatar duk wanda ya samu.

Itatuwa na taimakawa, amma da lura. Ƙasar Agye ta yi suna wajen renon kututtura a gona, aikin da ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi tun 1983, kuma garin Ɗan Saga ya zama abin misali a kansa. Gidan shukar da aka kafa a garka mai itatuwa ya fi wanda ke tsakiyar fako sanyi. Sai dai kada itacen ya matso har ya tare iska ko ya yi wa gidan inuwa tun da safe. A bar shi can yamma, ya tare ranar la'asar.

Hanyar fitar iska

Iska mai zafi ba ta da nauyi, kullum sama take nema. Wannan ɗabi'a tata ita ce fankar da ba ta cin kuɗin kowa, in dai an buɗe mata hanya. Ana buƙatar ƙofa biyu: ta ƙasa, a gefunan gida, inda iskar waje ke shigowa, da ta sama, a ƙololuwar rufi, inda mai zafin ke ficewa. In gefe kaɗai aka buɗe, zafi zai taru a cikin rufi ya riƙa saukowa kan shuka, musamman ranar da gari ya yi tsit babu ko motsin ganye. Ana yin ƙofar saman ta hanyar ɗaga ɓari ɗaya na rufin ya ɗara ɗayan da kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, a rufe tsakanin da raga.

Tsawo ma ba ado ba ne. Gidan da rufinsa ya kai mita huɗu yana ba wa iska mai zafi wurin taruwa nesa da kan tumatir, kuma yana ƙara ƙarfin jan iskar daga ƙasa zuwa sama. Mai gini yakan so ya rage tsawo don ya rage kuɗin ƙarfe ko azara. A nan ne bai kamata a yi tsimi ba. Gara a rage faɗi. Gida siriri, wanda faɗinsa bai wuce mita takwas ko goma ba, iska tana ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Girman ƙofofin fa? Ƙa'idar da aka saba ita ce jimillarsu ta kai aƙalla kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin ƙasan gidan. A wajenmu ni dai shawarata a bar gefuna huɗun duka raga, daga ƙasa har sama, leda ta tsaya a rufi kawai. Dalili shi ne ragar kanta tana cin iska. Babbar abokiyar gabar tumatir ita ce ƴar farar ƙudan nan da ke maƙalewa a bayan ganye, wadda ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganye ya yi rawaya, itacen ya tsugune. Ba ta da girma ko kaɗan, ragar gidan sauro ba ta tare ta. Sai raga mai ƙananan idanu, wadda masu sayarwa ke kira lamba 50, ita kuma tana rage shigar iska da rabi ko fiye. Haka nan malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ba za a bar raga ba saboda iska, ba kuma za a bar iska ba saboda raga. Abin yi shi ne a faɗaɗa wurin ragar. A yi wa ƙofar shiga ɗan zaure mai ƙyaure biyu, a rufe na waje kafin a buɗe na ciki.

Wani abin da littattafan waje ba su cika ambata ba shi ne ƙura. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura mai laushi, kuma cikin ƴan makonni takan toshe idanun raga. Ka shafa tafin hannu a jikin ragar ka ga yadda zai yi ja. Gidan da aka gina daidai sai ya koma yana zafi, mai shi ya rasa dalili. A wanke raga da ruwa da tsintsiya mai laushi kafin bazara ta kama. Game da fuska kuma, iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ita ake so ta bugi dogon gefen gidan. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa da guguwa mai ƙarfi, don haka nan ne za a ƙara turaku da ɗauri.

Sai dai a sani, iska komai kyanta ba za ta sa cikin gida ya fi waje sanyi ba. Iyakarta ta daidaita su. In waje 41 ne, ciki zai zama 42 ko 43. Wanda ke son ya sauka ƙasa da haka sai ya nemi taimakon ruwa.

Sanyin randa

Kowa ya san ruwan randa ya fi na jarka sanyi, ko da a ɗaki ɗaya aka ajiye su. Jikin randa yana tsattsafo, iska tana busar da wannan gumin, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Ba ɗan kaɗan yake ɗiba ba: kowace lita ɗaya da ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na awar kilowat. Da wannan ne Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, inda tumatir da tattasai ke kai mako uku ba su lalace ba. Aikin ya kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ganye ma haka yake sanyaya kansa. Yana jan ruwa daga saiwa yana fitarwa ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinsa. Gidan da ya cika da manyan shuke-shuke ya fi wanda aka yi wa sabon dashe sanyi saboda wannan. Amma in iska ta bushe ƙwarai, tana zuƙar ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, sai ganyen ya rufe ƙofofinsa don ya tsira, ya langaɓe, ya daina girma. Sau da yawa za ka ji manomi yana ce wa malamin gona, "Malam, na ba su ruwa da safe, na ƙara da azahar, ga su nan har yanzu a kwance." Shi kuma ya ce, "Baba, tona gindin ka gani, ƙasar jagab take. Iskar ce ta fi ƙarfinsu." Ƙarin ruwa a gindi a wannan hali ruɓar da saiwa yake yi. A irin wannan bushewar ce kuma jan gizo-gizon nan mai saƙa a bayan ganye ke yaɗuwa, ƴaƴan tumatir kuma su riƙa yin baƙin gindi.

Abin da ake bukata shi ne a shayar da iskar kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a jiƙa hanyoyin da ke tsakanin kunyoyi da hantsi da kuma azahar, a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gefen da iska ke shigowa. Wanda ke da hali yana iya sa bututu mai fesa ruwa kamar hazo a sama. Hanyar da ta fi duka ƙarfi ita ce bangon ruwa da fanka: a gefe ɗaya a yi bango mai ramuka wanda ruwa ke tsiyaya a jikinsa, ko na kwalin da ake shigowa da shi ko na soso ko gawayi da aka cusa tsakanin waya biyu, a ɗaya gefen kuma fanka tana zuƙo iska ta cikinsa.

Ga abin da lissafi ya nuna. Ranar da zafi yake 40, danshi kashi 15, iyakar sanyin da busar ruwa za ta iya kaiwa shi ne wajen digiri 21. Bango mai kyau yana cin kusan kashi 80 na wannan tazara, wato iska ta shiga tana 40 ta fito tana 25. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bushewar iskarmu ce ta ba mu shi. Manomin Legas ko Kwatano ba zai taɓa samun haka ba.

Amma akwai farashi. Ana so a sauya iskar gidan gaba ɗaya sau ɗaya a kowane minti. Gida mai murabba'in mita 100 da tsawon mita uku yana buƙatar bango kusan murabba'in mita huɗu, kuma zai sha ruwa wajen lita 125 a awa. A wuni, lita 1,000 ke nan, tano biyar, ban da ruwan ban-ruwa. A ƙasar da ruwan samanta na shekara ke tsakanin milimita 400 da 600, rijiya kuma take ja baya a daidai wannan lokaci, dole a yi wannan lissafi kafin a sayi fanka. In ruwan na da kanwa ko gishiri, zai riƙa daskarewa a jikin bangon yana toshe shi.

Sai wuta. Wannan tsari yana buƙatar gida rufaffe, don iska ta bi ta bangon kaɗai. Da fanka ta tsaya da tsakar rana, cikin mintoci gidan zai koma tanda. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma ba a manta da yadda Najeriya ta katse ta ba a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Galibin garake ma ko turken wuta babu kusa da su. Faifan sola ya fi dacewa a nan, don lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da ya fi ba da wuta, ba sai an sayi batir ba. Duk da haka a yi gefunan yadda za a iya naɗe su da hannu cikin gaggawa.

Ta yaya mutum zai san ranar da ruwa zai yi aiki? A sayi ma'aunin zafi biyu, a rataya su a inuwa daidai tsawon shuka, a naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a yi masa fifita. In tazarar da ke tsakaninsu ta kai digiri goma ko fiye, jiƙa iska zai biya. In ba ta wuce uku ko huɗu ba, a bar ruwa ya huta. Ƴar na'urar da masu ƙyanƙyasar kaji ke amfani da ita, mai nuna zafi da danshi tare, ita ma ta wadatar.

Da damina ta zauna

A Agusta komai ya juye. Zafi ya sauko wajen 32, danshi ya haura kashi 75, bangon ruwa ba zai rage fiye da digiri uku ba, sai ma ƙara laima. Yanzu aikin shi ne korar ruwa daga iska.

Haɗarin da dare yake zuwa. Iskar da ta yini tana ɗibar tururi, da gari ya yi sanyi sai ta kasa riƙe shi, ta sauke a kan duk abin da ta samu. Shiga gidan reno da aka rufe gefunansa bayan sallar asuba. Cikin ledar rufi ya cika da ɗige-ɗigen ruwa, suna haɗuwa suna ɗiga a kan tire-tiren dashe. Ganye sharkaf. A tsakiyar tire za ka ga wani ɗan da'ira inda tsirrai goma ko ashirin suka kwanta, ganyensu kore ne har yanzu, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwan ƙasa kamar an matse shi da zare. Gobe da'irar za ta ninka. Ƙwayoyin cutar da ke yin wannan, da masu sa ganye tabo, ba sa kama shuka sai ganye ko wuyan tsiro ya daɗe a jiƙe na awoyi. Duk dabarar damina a kan rage waɗannan awoyi take.

Saboda haka ba a rufe gefuna da dare don tsoron sanyi, babu sanyin da zai cuci tumatir a Agusta. Ban-ruwa da safe ake yi, yadda saman ƙasa zai sha iska kafin magariba, kuma a gindi ake zubawa. A ɗaga kunya, a ɗora tiren reno a kan gado mai tsawon gwiwa ko fiye, a haƙa lambatu kewaye da gidan don ruwan rufi ya wuce. A ba itatuwa tazara, a riƙa cire ganyen ƙasa da ya tsufa har iska ta samu hanyar wucewa ta ƙarƙashi. Rufin kuma ya kasance mai gangare sosai, yadda ɗigon zai bi jikin leda ya sauka gefe. Ƴar fanka guda da ke motsa iska da asuba tana da amfani a wannan lokaci fiye da yadda girmanta ya nuna.

Laima tana taɓa fure ita ma. In danshi ya wuce kashi 85 ko 90, garin barbara yakan dunƙule ya ƙi zubowa. Ga shi kuma raga ta hana ƙudan zuma shiga, ta rage iskar da ke kaɗa reshe. Sai manomi ya yi aikin da kansa: da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ya bi layi yana bubbuga igiya ko wayar da aka ɗaure tumatirin da ita. Iri ma a zaɓi mai jure zafi da ruwa, irin su Mongal, ko Icrixina da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta fitar domin noman damina.

Hunturu ba ya buƙatar dogon bayani. A sauke labule ko zana a gefen arewa maso gabas don tare busasshiyar iska, a cire ragar inuwa, shi ke nan.

Daga ina za a fara

Ga ƙaramin manomi a Gangara, ban ga hikimar fara da babban gida mai fanka da bangon ruwa ba. Kuɗinsa da ruwansa sun fi ƙarfin garka ɗaya, sai dai ƙungiya mai rijiyar burtsatse da sola. Inda ƙaramin jari ya fi haihuwa shi ne gidan reno: murabba'in mita 20 ko 30, mai tsawo, rufin leda mai jure rana, gefuna raga, inuwa a sama. Ledar kasuwa ta yau da kullum wata kaɗan take yi ta farfashe, mai kauri da aka yi don wannan aiki takan kai shekara uku. Tsiron tumatir kwana 25 zuwa 30 yake yi kafin dashe, kuma a waɗannan kwanaki ne farar ƙuda da dukan ruwa suka fi yi masa illa. Wanda ya iya fitar da lafiyayyen dashe a Satumba, lokacin da renon fili ke ruɓewa, zai kai kaya kasuwa makonni kafin kowa, ya kuma sayar wa maƙwabta rarar dashen.

Duk lissafin da muka yi a wannan babi ya dawo kan ruwa: nawa ne a rijiya, nawa shuka za ta sha, nawa iska za ta ɗauke. Babi na gaba zai duba ban-ruwa na ɗigo-ɗigo, da yadda ake auna abin da kowane gindi ke buƙata daga wata zuwa wata, da abin yi in ruwan rijiyar yana da kanwa.